Ɓawon Lemo da Marin da Ba a Yi Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, da bazarar da ɓawon lemo ya kusa raba ni da matata a garin Gure. Har yau in na ga ana feraye lemo a tasha, sai in ji kumatuna na hagu ya fara zafi.

A lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji, kowa Mushe yake kirana, wato malam a bakin 'yan Faransanci, har matata Rakiya, wadda ba mu daɗe da aure ba. Ita ɗiyar Alhaji Sanda ce, ɗan kasuwa daga Damagaram da ke da butik, wato shago, a bakin kasuwa, ta tashi a inuwa, fatarta sumul. Ni kuwa ɗan manoman Gidigir ne, rana ta fara aiki a kaina tun ina tsaron tsuntsaye a gonar gero. Karatu ya sa na yi jinkirin aure, ga yajin aiki, ga albashin da sai ya ga dama yake zuwa, duk suka taru suka zauna mini a goshi. Ba mummuna ba ne ni, a fahimce ni. Aibina guda da na sani shi ne ƙaramin yatsana na hagu, wanda igiyar jaki ta karya tun ina yaro ya warke a karkace.

Abin ya faro ne daga kasuwa. Ni da nake ganin kaina wayayyen ɗan boko, na ɗauki amaryata mu je ta zaɓi atamfa da kanta. Muka tsaya gaban wani baƙon mai atamfa da bai san mu ba. Rakiya ta ɗaga wata mai ruwan ganye tana dubawa, sai mutumin nan ya dube ni, cikin ladabi kuwa, ya ce, "Baba, a haɗa mata da wannan mana, ai ɗiyar taka ta yaba."

Rakiya ta cusa fuska cikin gyale, kafaɗunta na rawa. Ni ma na yi dariya (irin dariyar da haƙora kawai ke yi), na biya, muka tafi. Amma kalmar nan ta bi ni har gida. Da ta shiga madafa, na ɗauki ɗan madubinta na tsaya bakin taga ina duba kaina kamar mai sayen rago. Ga layuka a goshi, ga wasu a gefen ido, ga wasu biyu da suka sauko daga hanci zuwa baki. Wallahi raina ya ɓaci.

Ana nan, wata rana ina gyara takardun yara rediyo na kunne, sai na ji wata mata tana bayani da Faransanci kan man shafawa. Ta ce yadda iska ke sa ƙarfe tsatsa, ta sa yankakken dankali ya yi baƙi, haka take cin fatar mutum a hankali. Ta ce a cikin ɓawon 'ya'yan itace, wanda muke zubarwa, akwai sinadaran da ke tare wannan ɓarna, sunansu antioksidan, kuma masu yin man shafawa a ƙasashen waje suna tatso su daga ɓawon lemo su zuba a kayansu. Na ajiye jan biro. Ashe tsatsa nake yi! Kuma maganin yana nan zube a tasha, awaki na ci.

Za ka ce me ya hana ni zuwa kantin magani in sayi pomad, man shafawa na kanti, kamar kowa. Na farko, tun da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, duk abin da ya fito daga waje ya fi ƙarfin malamin lakwal, wato makarantar boko. Na biyu, ɗan mai kantin yana ajina. Kafin in kai gida, duk kwaleji ta ji cewa Mushe ya sayi man mata. Na ce ina, ai ni malamin kimiyya ne, abin da Bature ya yi da inji zan yi da turmi.

Akwai wani Ilu mai lemo a tasha, wanda ke sayar da lemon da manyan motoci ke kawowa daga Najeriya. Gwani ne wajen feraya, ɓawon na sauka dogo ba ya tsinkewa. Na je da leda na tsaya ina 'yan kame-kame.

"Mushe, awaki ka fara kiwo?" in ji shi.

"A'a, gwaji za mu yi da ɗalibai."

"To kwashi, amma ka yi sauri, masu shi na tafe."

Masu shi kuwa awakin tasha ne, kuma ba su ji daɗin sabon abokin takara ba. Wata jar akuya ta bi ni tun daga tasha har ƙofar kwaleji tana jan ledar, ni ina tafe ina ɗaga ta sama ina amsa gaisuwar iyayen yara.

Muna da wani ɗaki da ake kira labo, saboda akwai madubin ganin ƙwayoyin cuta guda da ya mutu tun kafin a turo ni, da wani turmin tangaran. Nan na kulle kaina bayan an tashi. Na daka ɓawon lemo, na ƙara na mangwaro tunda lokacinsa ne, na narka man kaɗanya na zuba. Da na tsaya a nan, da ƙila yau ba ni da labari. Amma sai ilimi ya motsa. Na ce in lemon zaƙi yana da wannan ƙarfi, ina ga lemon tsami, da ko ƙamshinsa ya fi kaifi? Matar rediyo ba ta ambaci lemon tsami ba, wannan ƙarin nawa ne. Na sayo ɗanye shar, na kankare koren ɓawon da reza, na daka har mansa ya fito yana yaji a ido, na juye duka. Na cika wata tsohuwar kwalbar zuma, na ɓoye bayan taswirar hanjin ɗan Adam.

Washegari ranar jarrabawar gudu ce, an sa ni cikin masu riƙe agogo. Da hantsi na saci jiki na shiga labo. Na jingina madubin Rakiya (eh, na sato shi) a jikin taga, na tsoma tafin hannuna na hagu cikin man har ya jiƙe, na manna shi a kumatuna na hagu. Na lumshe ido, ina jin sanyi da ƙamshi, ina hango kaina na koma saurayi. Ban kai ga murzawa ba sai na ji ana dukan ƙofa.

"Mushe, kana ciki? Yara na fili, kai ake jira!"

Direkta ne. Na zare hannu, na goge shi a bayan wando, na tura kwalbar cikin jakata, na buɗe ƙofa ina tari. Ban goge fuskar ba, na ce ai mai ne, ba ya ganuwa, bari ya yi aikinsa. Haka na tsaya tsakiyar rairayi, ba hula ba inuwa, ranar bazarar Gure na dukan fuskata tun hantsi har aka kira azahar.

Da yamma wajen ya fara ƙaiƙayi. Na ce alamar aiki ce. Washegari ya yi zafi ya ɗan tasa, na ce tsohuwar fata ce ke sallama. Kafin a kwana biyu, na duba madubi na kusa sakinsa ƙasa. Ga tafin hannu baƙi ƙirin a kumatuna, da yatsu biyar cif, tun daga gefen baki har kusa da kunne. Ni kuma ba baƙi ba ne can, wankan tarwaɗa ne, saboda haka zanen ya fito raɗau. Duk wanda ya taɓa ganin mari, in ya gan ni ba sai ya yi tambaya ba.

Na wanke da sabulu, na dirza da soso, kamar ina ƙara masa tawada. Sai na tuna akwai wani rawani da wani abokina na Alakos ya ba ni. Na naɗa shi, na rufe kumatu har hanci. Ka hango mutum da riga shamis irin ta 'yan boko da wando da takalmi sau-ciki, kansa kuma kamar mai shirin bin raƙuma. Na ce wa kowa haƙori ke ciwo. Yara suna ta cizon leɓe a aji, Rakiya kuwa baiwar Allah ta yi ta jiƙa mini kanumfari.

Amma ba a alwala da rawani a fuska. Ina tsugune bayan ɗaki na kware shi, sai ga ta ta kawo mini ƙarin ruwa. Butar ta faɗi daga hannunta.

"Mushe! Wa ya yi maka haka?"

Ga dama ta samu, mu biyu ne, ba kowa. Da na buɗe baki na ce mai na haɗa don kar a ƙara kirana babanki, da ta yi dariyarta ta gama, shi ke nan. Amma na dubi fuskar nan tata sumul, sai girman kai ya shaƙe ni. Na ce, "Ba kowa. Gizo-gizo ne ya yi mini fitsari."

Ta dube ni, ta dubi yatsun. Abin da ban sani ba shi ne, ta riga ta yanke nata hukuncin. A makon nan na yi ta cika baki a gida cewa zan gaya wa Direkta gaskiya a kan idonsa game da yajin aiki (ban gaya masa komai ba, ko kusa). Sai ta haɗa wannan da wancan, ta ce lalle Direkta ne ya mari mijinta, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Ta shiga ɗaki ta yi ta kuka saboda tausayina, har idanunta suka kumbura.

A haka Inna mahaifiyata ta same mu. Ranar kasuwa ce, ta biyo motar Gidigir ba sanarwa, ita da Gwaggo Hansatu ƙanwar mahaifina, da ƙullin kuka da daddawa. To ni ɗan fari ne. Tun da nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye in akwai mutane, ba ta ma son a ga tana kallona. In tana da saƙo, sai ta ba na kusa da ita, ko da kuwa ina zaune a gabanta. Suka yi sallama ina tsakar gida ina shan iska, rawanin na rataye a igiya.

Inna ta yi mini kallo guda, irin na wutsiyar ido, ta kau da kai. Aka shimfiɗa tabarma, aka sha ruwa, aka gaisa. Sannan ta ce wa Gwaggo, "Tambayi wancan, me ya samu fuskarsa."

"Gizo-gizo ne, Gwaggo," na ce.

Inna ta dubi bango ta ce, "Ikon Allah. Gizo-gizon Gure har yatsu gare shi."

Sai ga Rakiya ta fito da kwanon fura, kai a sunkuye, ido a kumbure. Ta durƙusa ta ajiye, ta koma da sauri. Na ga Inna da Gwaggo sun dubi juna. Gwaggo ta tashi ta bi ta ɗaki, ni kuma ina jiyo su ta taga.

"Ke 'yar nan, tsakaninki da Allah, kin san wanda ya yi wannan?"

"Na sani, Gwaggo."

"Wane ne?"

"Ba zan iya faɗa ba." Sai kuka.

Ita tana rufa wa mijinta asiri ne, su kuma suka ji amsa laifi. Ni da na ji komai, me na yi? Na naɗa rawanina na ce ina da aji. A raina na ce mata ne, za su yi 'yan maganganunsu su huce. Wannan shi ne wauta mafi girma da na yi, ta fi ta lemon tsami.

Ba su huce ba. Inna ta aika Gidigir, washegari sai ga Baffa Lawali, wan mahaifina, da sandarsa. Ina fitowa daga aji bayan la'asar aka ce ana nemana a gidan Alhaji Sanda, har an riga an tafi da Rakiya. Na rataya jakata na nufi can.

Zauren ya cika. Alhaji na kan buzunsa da carbi, Baffa na gefensa, mata na daga ciki bakin ƙofa: Inna, Gwaggo, Hajiya mahaifiyar Rakiya, da Rakiya a ƙudundune cikin gyale. Na cire takalmi na tsugunna can wajen ƙofa, kai a ƙasa, yadda suruki ke yi. Ban taɓa haɗa ido da Alhaji ba tun da na fara neman ɗiyarsa.

"Kware rawanin nan," in ji Baffa.

Na kware. Hajiya ta yi salati. Alhaji ya daɗe yana kallo, carbin ya tsaya a hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro.

"Malam Lawali, ni baƙo ne a garin nan, kasuwa ta kawo ni, ba abin da na zo da shi daga Damagaram sai mutuncina. Na ba ku ɗiya don na ga ɗanku mutumin kirki ne." Ya juya wajen mata. "Rakiya, da ke nake. Kin san hannun da ya yi wannan?"

"Na sani, Baba."

"Na wane ne?"

Sai shessheƙa.

"To shi ke nan," in ji Alhaji. "Ban haifi mai ɗaga wa miji hannu ba. Ta zauna nan. Hajiya, a je a kwaso kayanta, ku kuma ku yi haƙuri."

Rakiya ta yi wani ɗan sauti, ba kuka ba, kamar wadda aka taka wa ƙafa ta hana kanta ihu. Sai a lokacin ta gane da ita ake. Sautin nan ya shige ni har ƙashi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ga ni ne ƙaton banza a zauren nan, ina tsugune ina kallo za a kashe aurena a ɓata sunan yarinya, don kawai kar a san ina shafa mai.

"Alhaji," na ce, "ba ita ba ce. Ni ne."

Baffa ya girgiza kai. "Ka ji ɗan halak. An mare shi, yana rufa mata asiri."

"Allah shi yi maka albarka," in ji Alhaji, "amma irin wannan ba a rufa shi."

"Wallahi ni ne!"

"Yi shiru, manya na magana," in ji Baffa.

Nan fa Rakiya, da ta ga abin ya wuce wasa, ta yaye gyale ta ce da ƙarfi, "Baba, ba ni ba ce! Direktansu ne ya mare shi a kan yajin aiki!"

Zaure ya ɗauka. Baffa ya miƙe da sandarsa, tsoho da shi, yana tambaya ina ne gidan Direktan, shi yau zai ga wanda ya isa ya mari jininsu. Alhaji na cewa a'a, a bi ta hukuma, a je wajen jandarmomi. Na hango bawan Allah Direkta, mai ciwon suga, yana zaune ƙofar gidansa yana shan shayi, bai san an nufo shi da sanda ba. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a gaban surukina ba. Na ce, "Don Allah ku duba!" Na ɗaga hannuna na hagu na ɗora kan zanen.

Ya zauna daram. Kowane yatsa a gurbinsa, har ɗan ƙaramin da ya karkace ya bi nasa layin da ya karkace.

Muryar Inna ce ta fara fitowa, tana magana da Gwaggo kamar kullum. "Wannan yatsan na san shi. Igiyar jakin ubansa ce ta karya shi, shekarar da aka yi fara."

Na ɗauka an gama. Ina! Hajiya ta dafa ƙirji ta ce, "Shi ya mari kansa? Har ya yi baƙi haka? Wayyo, iska ce! Karatun nan na boko ya taɓa shi." Gwaggo ta ce dama ta ga idonsa ya sauya, ga rawani a wannan zafi. Baffa ya ajiye maganar Direkta ya koma ta wani malami a Gamu da ya iya irin wannan aiki, ya ce a riƙe ni kar in fita.

Ka ga yadda zaɓi ya rage mini: ko mahaukaci, ko mai shafa man gyaran fuska. Na yi ɗan tunani, ban ɓoye maka ba. Sannan na buɗe jakata na fiddo kwalbar, wadda tun ranar gudu take ciki tana shan zafi. Ina murɗa murfin ta yi tsaki, wani wari ya tashi, na ruɓaɓɓen mangwaro da tsohon man kaɗanya. Alhaji ya ja gefen babbar rigarsa ya toshe hanci.

"Mene ne wannan?"

"Antioksidan ne, Alhaji."

"Anti wa?"

Na shiga bayani, da muryar aji. Na yi maganar tsatsa, na yi ta dankali, na yi ta ɓawon lemo da ƙasashen waje. Ina yi ina jin kaina, ina fatan ƙasa ta tsage. Alhaji ɗan kasuwa ne, ba ya son dogon zance. Ya katse ni.

"Tsaya. Sha ake yi ko shafawa?"

"Shafawa."

"A ina?"

"A fuska."

"Don me?"

"Don... ta yi laushi. Ta yi kyau."

"Irin gyaran da ake yi wa amare kenan," in ji Gwaggo daga ciki, don kar wani ya rasa fahimta.

"To kai," in ji Baffa, "da aurenka, da aikinka, da gemunka, wa kake yi wa kwalliya?"

Nan ma sai da na faɗa, don in ban faɗa ba wata sabuwar fitina ce za ta tashi. Kaina a ƙasa na ce, "Wani mai atamfa ne a kasuwa ya ce ni babanta ne."

Sai na ji Alhaji na tari. Na saci kallo, na ga ya rufe fuska da hannun riga, duk jikinsa na girgiza, carbin ya faɗi kan buzu. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, don ba a yi wa suruki dariya a gabansa. Amma da Baffa ya ce, "Ashe da akuyar tasha da aka ce an gan ka kuna kokawa, gaskiya ne," sai Alhaji ya saki. Hajiya ta bi, Gwaggo har da buga cinya.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Rakiya na zaune tana kallona, kallon da na gwammace mari a kansa. Inna kuwa ta tashi a hankali, ta taka har inda Rakiya take, ta durƙusa. Tsohuwa, a gaban surukarta, a gaban kowa. Ta kama hannuwanta biyu ta ce, "Ɗiyata, na zalunce ki. Ki yafe mini." Dariya ta ɗauke. Rakiya ta fashe da kuka tana cewa Inna ki tashi, don Allah ki tashi.

Da ta tashi, ta gyara mayafinta, ta ce wa Gwaggo, "Gaya wa wancan, tsufan da yake gudu, ni ya ɗora wa yau."

Gwaggo ta juyo za ta maimaita, na ce na ji.

Daga baya na kai fuskata wajen majo, babban ma'aikacin jinya a likita. Da ya gama dariyarsa ya ce man ɓawon lemon tsami in ya zauna a fata rana ta doke shi, ƙonewa yake yi, kuma ba abin da zai ba ni sai haƙuri da inuwa. Zanen bai gushe ba sai da damina ta yi nisa. Labari kuwa kafin magariba ya gama gari. Yara suka sa mini Mushe Ɓawo, har a takardar jarrabawa wani ya rubuta. Ilu mai lemo kullum na wuce sai ya ɗaga murya, "Mushe, na tara maka, yau na hana awaki!" Direkta da ya ji saura ƙiris Baffa ya iso gidansa, ya daina sa ni riƙe agogo.

Rakiya ta koma gida tare da ni a ranar, amma ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ba in ban da ga abinci. Ran da ta yi magana, tana tsince shinkafa ne, ba ta ko ɗago ba.

"Mushe, da an kwaso kayan nawa fa?"

Na ba ta haƙuri, irin wanda ba a yi da muryar aji.

"Ni da layukan goshinka na gan ka, na ce wa Baba na yarda," ta ce. "Da ka tambaye ni, da na gaya maka. Kuma ka maido mini da madubina."

Yanzu shekaru sun ja, layukan da na gudu sun zo da 'yan'uwansu, furfura ta gama da kai. Kwanan baya ɗiyarmu ta zo da wani man shafawa mai hoton lemo a jiki, an rubuta antioksidan da manyan baƙaƙe. Na karɓa na juya shi, na ce ashe dai matar rediyo ba ta yi ƙarya ba, ni ne na yi mata ƙari. Rakiya ta karɓe daga hannuna, ta lakato a yatsa ta ce, "Baba, a shafa maka?" Tun daga waccan bazara, in tana son tsokanata, Baba take kirana.

Abin da na koya bai da yawa. Ban ƙara haɗa abin da ba a ce in haɗa ba. Kuma in na yi abin kunya matata ta tambaye ni me ya faru, nan take nake faɗa mata, tun muna mu biyu a bayan ɗaki, kafin a aika Gidigir a kira Baffa.